Cibiya 64, Rumbu Ɗaya

Wata uku na yi ina jiran a ba ni izinin hawa babban injin lissafi na jami'armu. Bincikena a kan yadda ruwa ke tafiya a ƙarƙashin gonakin fadama ne. Ana yanka ƙasar zuwa miliyoyin ƙananan akwatuna, kowane akwati ya dubi maƙwabtansa shida, a sake lissafa matsin ruwan da ke cikinsa, a maimaita haka sau dubbai. A kwamfutata ta hannu gwaji ɗaya yakan ci kwana biyu. Da aka ce an ba ni inji mai cibiyoyin lissafi 64, wato ƙananan ƙwaƙwalen da kowace ke yin nata lissafin a lokaci guda, na sa rai abin ba zai ƙara kai awa guda ba.

Na gwada da cibiya 2, ya yi sauri. Da 4, ya ƙara. Daga 8 zuwa 16 sai ƙarin ya fara ja da baya, daga nan kuma ya tsaya cak. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin awannin da aka ware mini ƙidayayyu ne, ga su suna ƙonewa ina kallo.

Na je wurin dattijon da ke kula da injin na ce, "Malam, ina jin injin nan ba shi da lafiya." Ya karɓi takardar sakamakon, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, lafiyarsa ƙalau. Ka ƙirga lissafin da kake yi. Ka taɓa ƙirga kayan da kake ɗebowa?"

Ban taɓa ba. A duk karatuna, abin da aka koya mana ƙirgawa shi ne tarawa nawa, ninkawa nawa. Babu wanda ya zaunar da mu ya ce lambobin nan daga wani wuri ake kawo su, kuma wurin yana da nisa. Cibiya mai gudun gigahaz 3 tana bugawa sau biliyan 3 a daƙiƙa. In lambar da take so tana cikin ɗan aljihunta na kusa, wato ƙaramar ma'adanar da ke jikinta, bugu 4 ko 5 ya isa. In kuwa sai an je babbar ma'adana, wato RAM, tafiyar takan kai nanosakan 80 zuwa 100 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa), kusan bugu 300 ke nan tana zaune hannu rabbana. Ni na ɗauke shi kamar gidan biki ne: an tara mata 64 gwanayen tuƙa tuwo, amma rumbun ɗaya ne, ƙofarsa kuma ƴar ƙarama. Ƙara masu tuƙi ba ya ƙara tuwo.

Malam ya sa na gudanar da STREAM, ɗan gwajin nan da John McCalpin ya rubuta don auna yawan kayan da ma'adana ke iya turowa a daƙiƙa. Ɗaya daga cikin lissafinsa mai sauƙi ne: ninka lamba, tara ta da wata, ajiye amsa. Aiki 2 ke nan, amma sai an motsa bayit 24, tunda lamba uku ce, kowace bayit 8 (bayit ma'aunin girman bayanai ne). A ce inji yana turo gigabayit 200 a daƙiƙa, to iyakarsa aiki kusan biliyan 17, alhali a takarda cibiyoyinsa suna iya yin tiriliyan ko fiye. Da na yi wa shirina irin wannan ƙidayar, sai na ga ashe tun a cibiya 16 na riga na cika ƙofar rumbun.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Tun 1995 William Wulf da Sally McKee na Jami'ar Virginia suka yi gargaɗi cewa gudun cibiya yana tsere wa gudun ma'adana kowace shekara, kuma wata rana za a ci karo da katanga. Manyan injinan duniya ma ba su tsira ba. Fugaku na ƙasar Japan, da ke birnin Kobe, ya yi fetafulof 442, wato lissafi tiriliyan dubu 442 a daƙiƙa, a gwajin da ake jera injina da shi, wanda lissafi ya fi yawa a cikinsa. A gwajin HPCG kuwa, wanda ya fi kama da irin aikina, 16 kawai ya samu. A 2022 Frontier na Amurka ya karɓe matsayi na ɗaya a jerin farko, amma a HPCG bai kamo Fugaku ba. Wannan ya kwantar mini da hankali, ya kuma sa na daina ganin girman inji a yawan cibiyoyinsa.

Gyaran da ya fi ba ni mamaki layi uku ne kacal. Ma'adana ba ta ba da lamba ɗaya-ɗaya. Duk zuwa sai ta ciko maka bayit 64, lamba 8 da ke jere da juna. Fortran, harshen kwamfutar da na rubuta shirin da shi, yana jera teburinsa daga sama zuwa ƙasa, ni kuma da hannun harshen C na saba, mai jerawa daga hagu zuwa dama. Saboda haka shirina yana ɗebo ƙwarya cike, ya tsinci ƙwaya ɗaya, ya zubar da bakwai, ya sake komawa rumbu. Na juya tsarin zagayen, aikin ya yi sauƙi nan take.

Gyara na biyun ya fi ɓoyuwa. Injin namu kai biyu gare shi, kowane da ma'adanarsa ta kusa, kuma Linux, manhajar da ke tafiyar da injin, yana ajiye shafin bayanai a gefen cibiyar da ta fara taɓa shi. Ni cibiya ɗaya na bari ta cika dukan teburan da sifili tun farko, sai komai ya taru a gefe guda, rabin cibiyoyin suna tsallakawa maƙwabta neman kaya. Da na raba cikawar yadda na raba lissafin, ƙofa ta biyu ta buɗe.

Har yanzu ban samu ninki 64 ɗin da na yi mafarki ba, kuma na san da wannan shirin ba zan samu ba. Abin da nake kai yanzu shi ne yanka fadamar zuwa ƙananan fegi da za su shiga aljihun cibiya, a gama da kowane kafin a ɗebo na gaba. Jiya na gwada girma uku, na tsakiyar ya fi. Yau da dare, in an rage layi a injin, zan gwada wasu biyu, gobe da safe in kai wa Malam takardar.