Haki Ba Tsufa Ba Ne

'Ya'yana, idan a gidanku akwai dattijon da ba ya kaiwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango yana haki, kada ku bari a ce masa tsufa ne. Ni haka aka ce mini, na kuma yarda, ashe cutar huhu ce da ake kira COPD. Na yi ƙuruciyata cikin ƙurar auduga a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, in an tashi aiki kuma ga sigari a baki. Da tari da kaki suka fara tashina kowace asuba, sai na nufi kemis maimakon asibiti.

Na daɗe ina sayen ruwan maganin tari da ƙwayoyin prednisolone, wani maganin rage kumburi daga cikin waɗanda ake kira sitiroyid. Ƙirji yakan buɗe na ɗan lokaci, shi ya sa mutane ke manne musu. Amma shan su kullum yana tayar da sukari da hawan jini, yana kuma raunana ƙashi. Likita ma yana rubuta su, sai dai na kwana 5 ko makamancin haka idan ciwon ya tashi.

Da na je asibiti, kakina aka fara gwadawa don a tabbatar ba tarin TB ba ne. Gwajin nan kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma duk tarin da ya wuce mako 2 ya cancanci a yi shi. Sai gwajin hurawa: a toshe maka hanci, ka cika ƙirji, ka hura cikin na'ura iya ƙarfinka, a ba ka maganin shaƙa, ka sake hurawa. Da shi ake gane cutar toshewar hanyoyin numfashi, wadda likitoci ke kira COPD. Mai asma sau da yawa numfashinsa yakan dawo daidai bayan ya shaƙi maganin. A tamu kuwa hanyoyin iska sun ƙuntace, ƙananan jakunkunan iskar huhu sun lalace, kuma abin da ya lalace ba ya komawa. Saura ake tattali, don haka zuwa da wuri ya fi kowane magani. Ku nemi likitan ƙirji a manyan asibitoci irin Barau Dikko a Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, amma a unguwanninmu ko sunanta ba a sani ba.

Bayan an rubuta mini inhela ma, wato abin fesa magani a baki a shaƙa, sai da na yi wasa da ita. Kunya nake ji a gan ni da ita a majalisa, ina fesawa cikin gaggawa, maganin yana ƙarewa a harshe. Wata nas ce ta zaunar da ni ta ce, "Baba, nuna mini yadda kake yi." Ta koya mini: a girgiza, a fitar da numfashi, a fesa daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, a riƙe kamar daƙiƙa 10. Idan mai sitiroyid ce, a kurkure baki. Ta bambance mini shuɗiyar salbutamol ta lokacin sarƙewa da ta kullum mai dogon aiki irin tiotropium. Wannan ta kullum ɗin ita nake ajiyewa da na ji sauƙi, hunturu na shigowa kuma sai gadon asibiti. Kada ku bar iyayenku su ajiye ta. Idan kuɗinta ya gagara, a faɗa wa likita gaskiya, ya san abin da zai canza.

Ba mai shan sigari kaɗai cutar take kamawa ba. Iyayenmu mata da suka shekara da shekaru suna girki da itace a rufaffen madafi suna cikinta, su da ba su taɓa riƙe karan taba ba. Ku fitar da murhu waje, ko ku saya musu gas in da hali. Janareta ya yi nesa da taga, gidan sauro ya maye gurbin maganin sauro na ƙonawa, in ƙura ta taso a sa takunkumi. Ku kuma masu zaman shisha, hayaƙi ne, ƙamshin ba ya rage masa illa. Barin taba shi ne abin da ya fi rage saurin lalacewar huhu, ko a wane shekaru aka bari.

Zaman wuri ɗaya don tsoron haki yana ƙara haki. Ina takawa kullum gwargwadon abin da likita ya yarje mini, ina shaƙa ta hanci, ina fitarwa ta tsukakken baki kamar mai hura koko. Ku tambayi likita batun rigakafin mura da na nimoniya.

Idan kaki ya ƙaru ko ya koma kore, ko shuɗiyar inhela ta daina kwantar da haki, a ga likita a ranar. Idan leɓe ya yi shuɗi, ko dattijon ya kasa haɗa magana, ko ya fara ruɗewa, ba a jiran gari ya waye. Ranar asibiti kuma ɗayanku ya raka shi, ya zuba duk abin da yake sha a leda, har da na kemis da na gargajiya, ya ajiye a gaban likita.