Kaset ɗin da Na Goge da Hannuna

Ƙannena masu aiki a gidajen rediyo da ɗakunan ɗaukar waƙoƙin bishara, ina so in ba ku labarin wata asara da na jawo da hannuna, domin kada ku maimaita ta.

Mu da muka tashi a gidajen Kirista a Arewa, a gajeren zango muka fara jin waƙar bishara da Hausa tana fitowa daga akwatin rediyo. Tashar ELWA, wadda mishan ta SIM ta kafa kusa da Monrobiya a ƙasar Laberiya, ta fara aiki a 1954, kuma a Jos ake ɗaukar shirye-shiryenta na Hausa, a aika da su can, sa'an nan muryoyin su dawo mana ta iska. Haka ma Muryar Bishara, wani ɗakin shirye-shiryen rediyo, take shirya nata a Jos domin tashar Lutheran da aka buɗe a Addis Ababa a 1963. Gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace waccan tasha a 1977, yaƙin basasar Laberiya kuma ya lalata ELWA a 1990. Na san wannan tarihi sarai, na san tasha tana iya yin shiru dare ɗaya, amma ban ɗauki darasi ba.

Na yi aiki a wani ƙaramin ɗakin shirye-shirye da yake sayen lokaci a gidan rediyon jiha, tun da dokar watsa labarai ta 1992 ba ta yarda a ba ƙungiyar addini lasisin tasha a Najeriya ba. A can na tarar da kwalaye cike da kaset na Zumuntar Mata, wato ƙungiyoyin matan ikilisiya, waɗanda magabatanmu suka bi ƙauyuka suka ɗauko, mata suna rera waƙa da tulu da kacau-kacau, wasu da Hausa, wasu da harsunansu na gida. Kuɗin sayen sabon kaset ya yi mana wuya, ni kuwa a lokacin ina ganin waƙar da babu jita a cikinta ta zama tsohon yayi, sai na riƙa goge su ɗaya bayan ɗaya ina ɗora sabon shiri a kai. Ba wanda ya umarce ni. Ranar da wata dattijuwa ta zo daga nesa ta ce, "Ɗana, an ce muryar mahaifiyata tana wurinku," na duba rubutun da ke jikin kwalin, na gane wanda na goge ne, na rasa bakin ba ta amsa.

Saboda haka kada ku goge komai sai kun kwafe shi, kuma ku ajiye kwafin a wuri biyu dabam, domin waya tana ɓata, kwamfuta tana lalacewa. Ku rubuta sunan ƙungiyar da ikilisiyarta, da garin, da shekarar, da wadda ta ba da waƙar, a ranar da kuka ɗauka, gama bayan shekara biyar ba za ku tuna ba.

Kuskurena na biyu ya fi yi mini ciwo. Akwai wani tsohon ma'aikacinmu da kowa ke kira Baba, wanda ya san yadda aka fara shirinmu da waɗanda suka fara rera waƙa a cikinsa. Sau da yawa yakan ce mini, "Yaro, kawo na'urarka mu zauna," ni kuma in ce, "To Baba, sai an sami sarari." Har ya rasu ban zauna da shi ba. Idan akwai irinsa a wurin aikinku, ku je gidansa cikin makon nan, ku gaishe shi, ku nemi izininsa, ku kunna na'ura ku bar shi ya yi magana.

Cikin 'yan kaset ɗin da suka tsira akwai guda da babu rubutu a jikinsa, wata mata tana ba da waƙa, sauran suna amshi. Duk dattijon da ya ziyarce ni nakan kunna masa, kuma har yau ban sami wanda ya gane muryarta ba.