Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tuwon da na ture wa Kaka

Makon jiya na tsaya a inda na fara tuƙa aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, a Aboabo. Ku yi haƙuri, yau sai na koma kan tuwon Kaka, don tun Juma'a abin yake cina.

"Kwaɗayi daban, daɗi daban." Haka take ce mana tun muna yara, in ta ga muna kokawa kan ƙanzo.

Shekarar 2017 ce, lokacin da tramol, ƙwayar rage zafin ciwo, ta cika Zangon Kumasi. Ta asibiti mai lamba 50 ce ko 100, amma mu 225 muke jefawa cikin lemon ƙarin kuzari kafin mu fita ɗaukar kaya kasuwar Kejetia. Wata Laraba na dawo, Kaka ta tuƙa tuwon zafi da miyar ayoyo, daddawa har waje ake jinta. Na kai loma ɗaya, na kai ta biyu. Bakina a bushe, kamar audiga nake taunawa. Na ture kwanon.

Ta ce, "Maigidana, gishiri ne bai ji ba?"

Na ce, "Na ƙoshi ne, Kaka." Ƙarya nake. Hankalina yana kan sauran ƙwaya biyu da ke aljihuna.

Matar Kawu kuwa, wadda har gobe ban manta mata ba, ta bi gida-gida tana cewa na samu kuɗi na raina abincin gida, wai a Adum, tsakiyar birni, nake cin abinci yanzu. Wane Adum? Koko kaɗai ke shiga cikina, shi ma sai na zuba sukari cokali biyar.

Sai bayan da jijjiga ta kayar da ni a kan titi aka kwantar da ni a asibitin Komfo Anokye, wata ma'aikaciyar jinya ta zauna ta yi min bayani. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, dofamin, wanda mutane ke ɗauka shi ne daɗi. Ashe aikinsa ya fi karkata ga ingiza mutum ya nema. Wani masani a Jami'ar Michigan ta Amurka, Kent Berridge, da abokan aikinsa sun gwada da ɓeraye a ƙarshen shekarun 1980: an rage musu dofamin ƙwarai, suka daina zuwa ga abincin da ke gabansu, amma in an ɗiga musu sukari a baki sai su lashe leɓe kamar da. Ni akasin haka ya same ni. Ƙwaya ta hura wutar neman, ƙwaƙwalwa ta saba, daɗin ya dushe, na tuwo da na ƙwayar ma.

Ina kwance na tuna maganar Kaka. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba!

A 2018 gwamnati ta tsaurara dokar tramol, ni kuwa sai da na ƙara shekara. Kaka ta rasu ban faɗa mata cewa miyarta ba ta da laifi ba. Matar Kawu ta fi kowa kuka a wajen zaman makoki.

Wata biyar da dainawa, wata safiya a Asawase na sayi wake da shinkafa a ganye. Yajin shito ya taɓa min harshe, na ji ƙamshin kifin da ke ciki. Mai abincin ta ga hawaye, ta ce, "Ɗana, yajin ya yi yawa ko?" Na ce ta ƙara min.