Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sharhin Gurasa

Jama'a barkan mu da sake haɗuwa. Wancan satin na tsaya ne a inda malamin mu na rubutun jarida ya ba mu aikin gida, yace kowa ya shiga gari ya ci wani abu ko ya kalli wani abu ya rubuto sharhi a kai, shafi ɗaya tak. Lokacin ina aji biyu a BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, kullum daga Gwammaja nake hawa adaidaita zuwa titin Gwarzo.

Ni a raina nace ai wannan kamar shan ruwa ne, na zaɓi gurasa tunda da ita aka raine mu. Ko fita ban yi ba wallahi, a kan gado na zauna na zuba "akwai daɗi", "ta haɗu", "kowa ya gwada", har shafi ya cika. Da takarda ta dawo sai na ga Malam ya zagaye kalmar daɗi da jan biro har sau shida, a ƙasa ya rubuta: wane irin daɗi? Zuma da daɗi, barcin safe ma da daɗi. Bayan lacca na bi shi ofis ina kumbura, yace "zauna, kin san abin da kika rubuta? Roƙo ne, ƙaramar ganga kawai kika rasa. Mai karatu bai ci gurasar ba, ke ce bakinsa ke ce hancinsa."

Ranar Asabar ana idar da sallar asuba na kama hanyar Jakara, wajen wata ƙawar kakata da ta tsufa a sana'ar. Kunya ta kama ni, shekara ashirin ina cin abu ban taɓa ganin tanderu na aiki ba. Kwaɓin fulawa da yis na rufe ya tashi, an hura wuta cikin tanderun har jikinsa ya ɗau zafi, sai ta jiƙa hannu ta gutsuro kwaɓin ta zura hannu ta manna a bangon ciki, ni da ke tsaye daga nesa ma fuskata raɗaɗi take amma ita hira take abinta, tana ba ni labarin wai Larabawa fatake ne suka kawo ta, waɗanda suka zauna nan kusa da kasuwar Kurmi, kasuwar da tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci.

Ta ciro ɗaya ta miƙo min, tace "'yar nan juya bayanta ki gani." Gefen da ya kwanta a jikin tanderu ya yi ƙarfi da ɗan ƙauri, cikin kuma laushi kamar soso, ga wani ɗan tsami-tsami na yis da sai ka tauna a hankali kake jinsa. Nace Inna ashe haka take, ta yi dariya.

Sai aka haɗa min bandashe, aka tsoma gurasar a ruwa, aka barbaɗa garin ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa da tumatir. A nan fa aka samu matsala, jikarta da ta haɗa ta bar ta a ruwa ta jiƙe da yawa ta yi lugub, yajin kuma ya danne ƙamshin ƙulin gaba ɗaya. Na dawo gida ina ta juya biro, in rubuta ko in rufa asiri? Matar nan ko sisi ba ta karɓa a hannuna ba fa. Ƙarshe dai na rubuta, na fara da hannunta cikin wuta, na sa maganar yajin a tsakiya layi biyu, ban ambaci sunanta ba.

Malam ya karanta wa aji gaba ɗaya, wata daga bayan aji tace ita yunwa ma ta fara ji. Kuskurena ɗaya, na bar takardar a kan firij, ƙanina sarkin tsegumi ya ɗauka ya karanta wa Hajiya kaka tas har da wajen yajin. Abin da ta yi min sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.