Godiya Bayan Sujadar Sallamar Baba Fasto

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Dattawan ikilisiya da kwamitin shirye-shirye suna miƙa godiya ga duk wanda ya halarci sujadar sallamar Baba Fasto da Mama ranar Lahadin da ta wuce. Fastocin da suka baro majami'unsu, zumuntar mata, mawaƙa, matasan da suka jera kujeru tun da asuba, da maƙwabtan da ba sujada ɗaya muke yi ba amma suka zauna har aka tashi, Allah ya saka muku. Waɗanda suka zauna a waje kuma ku gafarce mu. Lasifika ɗaya muka fitar, na baya ba su ji jawaban sosai ba, laifin kwamiti ne.

Babbar godiyar ta Baba ce. An yi ta yabon wa'azinsa, ya kuma cancanta, amma lokaci bai bari an faɗi yadda yake horar da mutum ba. Ba ya ɗora sabon mai bishara a kan bagade haka kawai. Karatun nassi zai fara ba ka, sai jagorar addu'a, sai aji a makarantar Lahadi, sai wa'azin tsakiyar mako inda jama'a ba su da yawa. In lokacin tsayawarka ranar Lahadi ya yi, tun Alhamis za ka kai masa takardarka, ya yi maka tambaya 3: me ayar ta ce, me ayoyin da ke gabanta da bayanta suka ce, me kake so mai sauraro ya yi in ya koma gida. A ta biyun sababbi suka fi tuntuɓe, don sukan tsinko aya guda su ɗora mata abin da ke ransu. Bayan wa'azi ba ya gyara maka a gaban jama'a. Litinin zai kira ka, ya fara da abin da ka yi daidai, sa'an nan ya nuna kuskure ɗaya tak, domin wanda aka tara wa goma ba ya gyara ko ɗaya. Wannan ita ce 2 Timoti 2:2 a aikace, inda Bulus ya ce wa Timoti ya danƙa abin da ya ji daga gare shi ga amintattun mutane da za su iya koya wa waɗansu, kuma da yawa cikin fastocin da suka zauna a layin gaba ranar ta wannan hanya suka biyo.

Batun kuɗi kuwa, hannunsa bai taɓa ƙirga baiko ba. Mutum 2 ke ƙirgawa, ba 'yan gida ɗaya ba, na uku ya duba ya sa hannu kafin a bar majami'a. Kuɗin gini ba ya haɗuwa da na gwauraye da marayu, ko da sunan aro, don irin wannan aron ba kasafai yake komawa ba. Wasu sun yi gunaguni cewa tsaurin ya yi yawa, sai ya buɗe musu 2 Korantiyawa 8:20-21, inda Bulus kansa ya yi hattara kada wani ya zarge shi a kan gudummawar da aka tara.

Haka ziyarar marasa lafiya: biyu-biyu ake zuwa, ba a daɗe, kuma abin da aka ji a ɗaki ba ya fita, ko da an lulluɓe shi da sunan roƙon addu'a. Bai taɓa tambayar addinin mabukaci kafin a taimaka masa ba.

Mama, mun gode. Ƙofar gidanku ba ta san dare ba, ke ce kuma mai tashi ki buɗe.

Baba ya riga ya miƙa rajistar baftisma, ta aure da ta rasuwa, takardun fili da makullai, an duba an sa hannu a gaban dattawa. Roƙonmu shi ne, al'amuran ikilisiya daga yanzu a kai su wurin sabon fasto, kada a riƙa zagayawa ta baya ana cewa sai abin da Baba ya ce. Shi da kansa ya nemi haka. Gaisuwa kam ƙofa a buɗe take, sai dai a sanar kafin a je, a kuma bar masa safiya ya huta.

Waɗanda suka yi alkawarin gudummawa ba su samu cikawa ba, su ga ma'aji bayan sujada, a karɓi rasit.

Dattawan Ikilisiya da Kwamitin Shirye-shirye