Abin da zama kilas ref ya nuna min kan waya da barin makaranta

Ni ɗan ƙauye ne daga ɓangaren Jahun, kuma da aka ba ni kilas ref, wato wakilin ajinmu, na ɗauka aikin bai wuce tara kuɗin handawut da tura sanarwa a guruf ba, ashe rabinsa lura da mutane ne. Mai barin karatu ba rana ɗaya yake bari ba. Sai ka dinga ganinsa onlayin ƙarfe uku na dare amma laccar takwas babu shi, daga nan tes ya wuce shi, kariyoba, wato darussan da ya faɗi, ta taru, sai kawai ka ji ai wane ya tafi ci-rani Abuja, wance kuma an ɗaura mata aure.

A gida manya cewa suke waya ce ta lalata yaran nan. Ni dai ban yarda gaba ɗaya ba. Yanzu fa in ba waya ba karatu, rajista a fotal, biyan kuɗi sai ka ciro lambar Remita, an canza lokacin lacca sai a WhatsApp, har bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 ta intanet ake cikewa. Mu da ke hutu a ƙauye inda sabis sai ka fita bayan gari, caji sai shagon mai sola, ana iya rufe rajista kana gona ba ka da labari.

Abin da na gani shi ne yawanci damuwa ce ke fara zuwa, wayar maɓoya ce kawai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya hana da yawanmu zuwa gida ɗauko abinci, yaro yana ɗaki daga shi sai garin kwaki, ga kunyar roƙo irin tamu, to me zai yi in ba ya kwanta yana jan TikTok da datar dare ba? Barci ya tafi, kai ya ɗau zafi, safiya ta yi ya kasa tashi. Lokacin da aka yi yayin mainin na kuɗin kirifto a waya a 2024 kuwa har cikin aji ake dannawa, kowa na jiran fashewa. Da aka ƙara kuɗin data a 2025 na san masu rage na abinci su saya, wallahi abin tausayi.

Shi ya sa na daina tura "ina ka shiga" a guruf, don wanda ya fara ɓacewa ba ya amsawa. Ɗakinsa nake zuwa in ce ɗan'uwa lafiya kwana biyu, taso mu je mu sha shayi. In mace ce sai in tura ƙawarta. Da yawa ma ba su san ana rubuta takardar jingine karatu na shekara ba maimakon mutum ya ɓace a cire sunansa, irin waɗannan da kaina nake raka su ofishin kodineta kafin a rufe fotal.