Godiya ga duk wanda ya taimaka muka zagaya da yaranmu Zazzau

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun je mun dawo lafiya, kowane yaro ya koma hannun iyayensa kafin magariba. Ni ce malamar aji shida daga Tudun Wada da ta yi ta damunku da roƙo, to yau godiya na zo yi.

Iyayen yara, Allah ya saka muku da alheri. Kun haɗa kuɗin mota a wannan tsadar rayuwa, wata uwa kuma ta tashi tun asuba ta soya mana awara cike da bokiti.

Samaru muka fara zuwa, ɗakin adana kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗan ƙaramin wuri ne, sai da muka raba yaran gida biyu. Malam mai kula da wurin, na gode maka ƙwarai. Ba ka kore su ba da suka yi ta tambaya iri ɗaya. Ka nuna musu fasassun tukwane da aka tono daga ƙasa, sannan ka nuna wani baƙin dunƙule ka ce wa ya san wannan. Wani yarona da ba ya ko ɗaga hannu a aji ya ce kashin maƙera ne, irinsa na nan a maƙerar babansa. Da ka ce masa kakannin mutanen wannan yanki sun daɗe suna narka tama su fitar da ƙarfe, yaron nan har muka dawo bai rufe baki ba. Wata shida nake neman in ji muryarsa haka.

A Ƙofar Doka motarmu ta mutu, rana ta take. Masu Keke huɗu suka kwashe mu zuwa fada, biyu daga cikinsu suka ƙi karɓar ko sisi. Ban san sunayenku ba, Allah ya san ku.

Dogaran ƙofar fada sun yi haƙuri da hayaniyarmu, wani dattijo kuma ya lissafa wa yaran gidajen sarauta huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Daga nan ya nuna mana wajen babban masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Yaran sun san unguwar Babban Gwani, amma ba su taɓa sanin sarautar magini ce ba. Mun yi addu'a ga waɗanda suka rasu lokacin da wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar la'asar, a watan Agustan 2023. Allah ya jiƙansu.

Inda zuciyata ta yi nauyi shi ne bakin ganuwa ta wajen Ƙofar Gayan. Baba, kai da ka bar inuwarka ka taka da sanda ka nuna mana inda katangar take da inda ta zube, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka koya musu kirarin Amina 'yar Bakwa ta san rana, suka yi ta maimaitawa. Sai wata yarinya ta tambaye ni, "Malama, in ganuwar Amina ce, me ya sa ake zuba shara a jikinta?" Wallahi ban sami amsar da zan ba ta ba. Ina roƙon masu unguwanni da mu kanmu, a daina ɗibar ƙasar ganuwa ana gini, a daina mayar da gindinta juji.

Dutsen Kufena daga nesa kawai muka hango shi, lokaci ya ƙure. Na yi musu alkawarin za mu je bayan damina in Allah ya kai mu, kuma sun riga sun rubuta alkawarin a allo don kada in manta.